Ranar da Aka Buɗe Kabarin Lambros

A ƙauyenmu mamaci shekara biyar yake yi a ƙasa. In ta cika, sai a zaɓi wata Asabar a tone shi, a wanke ƙasusuwan da ruwan inabi, a zuba su a ƙaramin akwati a kai ɗakin ƙasusuwa da ke bayan coci. Kabarin kuma ya jira wani. Maƙabartar tamu ƙarama ce, dutse ya tokare ta ta gabas, gonakin taba ta yamma. Amma ba zancen fili ke cika wurin da mata ranar tono ba. Kowace so take ta gani da idonta. In ƙashi ya fito fari tas, ko kalar zuma, to ƙasa ta karɓi mutum, Allah ma ya karɓe shi. In ya fito baƙi, ko da sauran nama a jiki, ba a cewa komai a wurin. A hanyar gida ake faɗa.

Ni ce mai wankin. Sunana Argiro, wajen gwaggona na gaji aikin.

Ranar Laraba maƙwabciyata Stamatia ta same ni a bakin ƙofa ina tsintar wake. Na dafa mata kofi, ta riƙe shi har ya huce.

"Argiro, Asabar ce fa."

"Na sani."

"Ke kin ga da yawa. Gaya mini tsakaninki da Allah, kin taɓa ganin wanda uwarsa ta yi masa baki ya fito fari?"

"Ƙashi ba ya zuwa mini da labarinsa, Stamatia. Ni dai wankewa nake yi."

"Kin iya zillewa kamar kifi. Tun muna yara haka kike."

Na ci gaba da tsintar wakena. Duk ƙauyen an san abin da take tsoro.

Ɗanta Lambros shi ya fara kawo tarakta ƙauyen nan. Ranar bikin Annabi Iliya ya sha giya tun hantsi, ya hau taraktar zai kai abokansa dandali, ya yi baya bai duba ba. Lenio, 'yar ƙanwarsa Garifalia, tana tsugune a wurin tana wasa da marfin tukunya. Shekararta huɗu. Da aka zo binne yarinyar, Stamatia ta cire ɗankwalinta a gaban kowa, ta nuna ɗanta da hannu ta ce, "Kada ƙasa ta ci ka." A wurinmu babu bakin da ya kai wannan nauyi.

Ya yi shekara biyu a kurkuku a birnin Larisa. Da ya fito bai biyo ta gida ba, ya wuce Jamus aikin masana'anta. Bai rubuto wa kowa ba. Waɗanda suka gan shi a can sun ce ba ya shiga coci, in ya hango firist ma tsallaka titi yake yi. A shekararsa ta huɗu a can Stamatia ta ja ni muka je wurin Fada Anestis, firist ɗin ƙauyenmu, don a lokacin daga ni har ita babu mai iya riƙe alƙalami. Ta faɗa ya rubuta: ta janye bakinta, ya dawo gida. Amsa ba ta zo ba. Bayan shekara biyu aka kawo shi a akwatin ƙarfe a liƙe, da takardar cewa kada a buɗe, da jakarsa. Wasiƙar tana cikin jakar, a tsakanin rigunansa. Ba a yage bakin ambulan ɗin ba.

Tun ranar tambaya ɗaya Stamatia take yi. Bakin da aka janye, wanda aka yi wa bai ji ba, ya janyu?

Ranar Juma'a ta dafa alkamar sadaka, ta barbaɗa mata sukari da 'ya'yan rumman, sannan ta ce in raka ta gidan Garifalia. Mun same ta a rumfa tana shirya ganyen taba a zare da doguwar allura, yatsunta sun yi baƙi da ƙaro.

"Sannu da zuwa, Mama. Gwaggo Argiro, ga kujera."

Stamatia ba ta zauna ba. "Gobe za a buɗe ɗan'uwanki."

"Ƙararrawar coci za ta gaya mini."

"Fada ya ce in wanda aka zalunta ya tsaya a bakin kabari ya ce Allah ya gafarta masa, yana taimakon mamaci."

"Fada 'ya'yansa biyar, dukansu suna cin abinci."

"Garifalia."

"Shekara goma sha uku, Mama. Da yanzu tana da sha bakwai, da ina faɗa da ita a kan tsawon siket. Ga Gwaggo nan, ita ta wanke ta. Tambaye ta ko ƙasusuwan sun cika akwatin takalmi."

Ba su cika ba. Na sunkuyar da kai.

Garifalia ta soke wani ganye ta ja shi ƙasa. "Duk Lahadi sai an ce mini Allah ƙauna ne. To, ina ji. Amma mutumin nan bai taɓa buɗe baki ya ce Garifalia ki yi haƙuri ba. Ko a takarda. In ƙaunar nan za ta ɗauke shi haka ta zaunar da shi kusa da 'yata, to ni me ta yi mini? Wutar nan da ke hana ki barci, ita kaɗai ta sa nake iya taka ƙofar coci."

"Ni na haife ku ku biyun."

"Ban ce ki zaɓa ba. Cewa na yi kada ki ja ni."

A hanya Stamatia ta dafa kafaɗata sau biyu tana hutawa. Ciwon da ke cikinta ya fara nunawa a tafiyarta, ko da yake ba ta gaya wa kowa ba tukuna.

Asabar da safe mata kusan talatin suka taru cikin baƙaƙen kaya. Na zo da tasa, da kwalbar ruwan inabi, da farin ƙyalle na naɗe ƙoƙon kai. Zisis mai haƙa kabari ya riga ya yi nisa, sai kansa ake gani a ramin.

"Ga uwar wanki ta iso," in ji shi. "Argiro, ke ba sai an wahala tone ki ba. Ƙasa kwana ɗaya za ta yi da ke ta dawo da ke, ta ce wannan ta yi tauri."

"Yi aikinka, tsohon banza. Ranar taka da barasar tsipuro zan wanke ka, don ƙashinka ba zai gane ruwan inabi ba."

"Ki zuba da yawa dai."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Haka ake yi kullum, don a samu numfashi. Stamatia tana durƙushe a gefen kai, ta fara waƙar kuka a hankali, biyu-uku suna amsa mata.

Shebur ya bugi ƙarfe. Zisis ya daina surutu. Akwatin katakon da ke waje ya ruɓe ya zama ƙasa, amma akwatin ƙarfen yana nan yadda aka sa shi. Ya ɗago ya kalli Fada Anestis, Fada ya gyaɗa kai. Zisis ya ɗauko kurfi da guduma ya bi gefen yana yankewa. Ya ɗauki lokaci. Da ya ɗaga murfin, warin da ya taso ba irin wanda na saba ba ne. Warin asibiti ne.

Lambros yana kwance cikin baƙar kwat. Fuskar ta yi duhu ta ƙanƙance kamar tsohuwar fata, amma shi ne. Gashin bakinsa yana nan. Tabon da ke girarsa, wanda ya samu yana yaro da ya faɗo daga itacen ɓaure, yana nan.

Waƙar ta tsaya. Mata suka ja da baya suna yin alamar gicciye. Wata ta kama hannun jikarta ta juya mata fuska.

Stamatia ba ta yi ihu ba. Ta leƙa ta daɗe, sannan ta ce, kamar mai magana da wanda ya dawo daga tafiya, "Ka rame."

Fada Anestis ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Ku saurare ni. Maganin Jamusawa ne. In za su tsallakar da gawa iyaka, allura suke yi mata, su liƙe ta a ƙarfe. Ƙasa ba ta ma taɓa shi ba. Ko waliyyi aka sa a wannan gwangwanin haka zai fito. Laifinmu ne da muka binne shi a ciki."

"Gaskiya ne," in ji Zisis daga ramin. "Tsutsa ba ta da guduma."

Daga baya wata tsohuwa ta ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "To wa ya kai shi Jamus ɗin? Bakin uwa ya san hanyarsa."

Na ga maganar ta shiga Stamatia ta zauna, ta Fada kuma ta wuce ta saman kanta.

Fada ya sallami mata, ya ce su je harabar coci a raba musu alkama. Muka rage mu huɗu, da wanda ke kwance. Ya tattare rigarsa ya tsuguna kusa da Stamatia. Shi ma ba yaro ba ne, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Fada, yana ina?"

"Ban sani ba, Stamatia."

"Kai ne mai karanta littafin."

"Littafin bai ba ni sunaye ba."

"Bai tuba ba. Bai je wurin firist ba, bai karɓi jibin Ubangiji ba, bai roƙi ƙanwarsa ba. Ga bakina a kansa. In ba wuta ba, ina?"

"Abin da na sani, Allah yana ƙaunarsa fiye da yadda kike ƙaunarsa."

"Haka kake faɗa kullum. To me ya sa ya hura wutar? Ni da nake muguwa, ni da na yi masa baki a gaban jama'a, in na ji yana ƙuna zan sa hannu in fizgo shi ko da hannun zai tsaya a ciki. Shi da ya fi ni, yana zaune yana ji?"

Fada ya daɗe yana shafa gemunsa. "Abin da aka koya mini, ba wani ɗaki ba ne Allah ya gina don ya huce haushi. Ki tuna wasiƙar nan da muka rubuta. Shekara biyu tana jakarsa. Bai yar ba, bai buɗe ba. Ina jin ya san abin da ke ciki, shi ya sa. Da zagi ne da ya karanta, ya saba da shi. Gafarar ce ba zai iya kallo ba. An ce haka abin yake a can. Ƙaunar ɗaya ce ga kowa. Wani ta ɗumama shi, wani kuma ba ya iya jure ta, sai ta zame masa ƙuna."

"To ya buɗe masa ambulan ɗin mana! Allah ba shi da hannu ne?"

"Ba ya yi wa mutum dole."

"Ni na yi masa. Yana shekara shida zazzaɓi ya kama shi, ya ƙi magani, ya datse haƙora. Na danne shi da gwiwa, na toshe masa hanci, na ɗura masa. Ya cije ni, ga wurin nan. Ƙiyayya ce ta sa na yi?"

Zisis ya cire hularsa yana juya ta a hannu.

"Kuma in na mutu," ta ci gaba, "a ce an yi mini rahama, na shiga, na duba ko'ina ban gan shi ba. Ta yaya wurin zai zama aljanna? Ko za a cire mini tunaninsa ne? In an cire, to ba ni ce na shiga ba, wata ce."

"Wannan na tambayi malamina ina saurayi," in ji Fada. "Ya ce in je in yi addu'a. Har yau ita nake yi."

"In yana can, ka roƙa mini a kai ni wurinsa."

"Babu wannan addu'ar a littafina. Akwai ta kwance baki. Ita zan iya yi miki."

Ya miƙe ya rataya ɗamarar wuyansa, ya karanta addu'ar kwancewa a kan gawar. Ya ce ta faɗa da bakinta. Ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa gefen ƙarfen ta ce, "Na janye, Lambros. Ƙasa ta ci ka, ɗana. Ta ci ka da daɗi." Sau uku. A na ukun muryar ba ta fita sosai ba.

Ni da Zisis muka ciro shi daga ƙarfen. Ba shi da nauyi. Muka naɗe shi a zanen gado, muka kwantar da shi a kan ƙasa tsura, Fada ya zuba masa mai da ruwan inabi. Ya ce shekara biyu, sai a sake dubawa.

"Shekara biyu," in ji Stamatia. Ta kalle ni, na gane ta riga ta auna.

Ba ta kai ba. Bayan wata goma sha huɗu, lokacin tsinkar zaitun, ta kwanta. Garifalia ta yi jinyarta yadda ya kamata, ta juya ta, ta wanke ta, ta ba ta romo da cokali. Sunan Lambros ne kawai ba ya shiga tsakaninsu. Wata rana da rana Garifalia ta fita shanya, Stamatia ta kamo hannuna.

"Argiro, ke za ki wanke shi."

"In Allah ya kai mu."

"In kin gani, ki zo kan kabarina ki gaya mini. Kada ki yi mini irin zillewar nan taki. In fari ne ki ce fari. In kuwa ba haka ba ne, shi ma ki faɗa."

Na ce to. Bayan kwana tara ta cika. Aka binne ta layi biyu daga ɗanta.

Da shekara biyun ta cika, Zisis ya tare ni a bakin famfo. Ya ce Fada ya ce ba a taɓa kabari sai da izinin dangi, dangin da ya rage kuwa mutum ɗaya ce. "Ke za ki je. Ni in ta gan ni da shebur kare za ta sakar mini."

Na je. Na same ta tana kwaɓa burodi. Ta ba ni kofi da ɗan zaƙi a cokali, muka yi zancen farashin taba da ciwon ƙafata. Sai da na shanye na ce, "Lokacin ɗan'uwanki ya yi."

Ta ci gaba da kwaɓi. "Na sani, Gwaggo. Ina ƙirga kwanakin fiye da ke."

"Na yi wa mahaifiyarki alkawari."

"Na ji ku ranar. Ina bayan taga."

Ta yayyafa gari, ta ninka ƙullun, ta danna da dunƙulen hannu.

"Ranar da aka buɗe shi, da aka zo aka gaya mini yadda ya fito, na ɗauka zan ji sanyi a raina. Shekara goma sha uku ina jiran labarin nan. Sai na shiga ɗaki na yi ta amai. Shi ya koya mini hawan jaki, Gwaggo. Shi yake ɗaukar Lenio a wuya ya kai ta kallon tumaki."

Ta juya ƙullun ta sake dannawa.

"In kika buɗe ya fito fari, an yafe masa kenan ba a tambaye ni ba. Ban san da wane ido zan sake kallon bagaden coci ba. In kuma ya fito yadda yake, to ɗan'uwana yana ƙuna, ni ce kuma na ƙi zuwa in faɗi kalma uku. Wanne kike so in ɗauka?"

"Kina iya faɗarsu yanzu."

"Na gwada. Na je har bakin maƙabarta sau biyu. Bakina yana buɗewa, abin ba ya fitowa. In na faɗa ba daga ciki ba, wa zan yaudara? Shi da ake cewa yana ganin zuciya?"

"To me zan gaya wa Stamatia?"

"Ki ce mata 'yarta ba ta iya ba."

Ta rufe ƙullun da ƙyalle ta ajiye kusa da murhu. Ta ce a bar kabarin. In ana buƙatar fili, a ɗauki wanda aka tanadar mata, ita a kai ta duk inda aka samu.

Na gaya wa Fada Anestis. Ya ce ba zai yi mata dole ba. Da ya ji abin da ya fito daga bakinsa sai ya kawar da kai, ya shiga gyara kyandirori waɗanda ba su buƙatar gyara.

Har yanzu ba a buɗe ba. Duk Asabar ta tunawa da matattu Fada yana karanta sunan Lambros a jerin, Garifalia tana tsaye a layin mata ba ta fita, ba ta kuma amsawa. Ni kuwa in zan je gonata, a da hanyar maƙabarta nake bi don ta fi kusa. Yanzu ta bayan injin niƙa nake zagayawa, da ciwon ƙafar da komai, don ba ni da abin da zan faɗa in na wuce ta kan kabarin Stamatia.